Kajin nama a ƙasar Kurfai: rigakafi tukuna, garin yisti daga baya



Kiwon kajin nama, waɗanda wasu ke kira kajin turawa, yana ta samun shiga a garin Filinge da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Matasa da ƙungiyoyin mata sukan sayo ƴan tsaki daga Yamai, tafiyar wajen kilomita 180 ke nan, su tsare su kamar kwana 45, su sayar gab da salla ko lokacin bukukuwa. Sana'a ce mai saurin kawo kuɗi. Tana kuma da saurin karya mai ita, domin kazar da ta kai kilo 2 cikin mako 6 ko 7 ba ta da juriyar kazar gida, wadda ke kwana bisa darni ta wuni tana tonon juji.

Tare da waɗannan kaji ne wani sabon kaya ya shigo bakin jama'a, wato garin yisti da ake haɗawa cikin abincinsu. Masu sayarwa suna cewa yana ƙarfafa garkuwar jikin kaza. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Sai dai wasu sukan wuce gona da iri, su ce wanda ya ba kajinsa garin nan ya huta da rigakafi. A nan ne muka ja daga. Ra'ayinmu shi ne, yisti mataimaki ne na kirki, mun kuwa fi son a gan shi a akurki bisa ga kafson da ake barbaɗawa cikin ruwan kaji. Amma duk wanda ya ɗauki kuɗin rigakafi ya sayi yisti da su, ya sa dukiyarsa a bakin rijiya.

Mene ne wannan gari?

Yisti ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne mai gidan burodi ke zubawa cikin kwaɓin fulawa ya kumbura, mai tuya fanke ma ta san shi. Ido yana ganinsa kamar gari, amma halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, ba a ganin ƙwaya ɗayarta sai da madubin likita. Ku da kuka iya karatu yanzu, idan kun duba jikin buhu ko leda za ku ga an rubuta levure da Faransanci, ko kuma sunan da masana suka ba shi, Saccharomyces cerevisiae. Wani lokaci za ku ga baƙaƙe uku kawai, MOS. Duk gida ɗaya ne.

Kowace ƙwayar yisti tana da ɓawo, kamar yadda gujiya ke da shi. Yawancin garin da ake yi domin kaji, ɓawon nan ne aka ware aka busar. Abubuwa biyu ne a cikinsa suke aiki. Masana suna kiran na fari manan, na biyu kuma bita-gulukan.

Ga yadda na farin ke aiki. Akwai miyagun ƙwayoyin cuta da ke shiga hanjin kaza ta abinci da ruwa, kamar wadda ake kira Salmonela da wadda ake kira Koli. Da yawa daga cikinsu suna da ƴan ƙugiyoyi a jikinsu. Kowa a Kurfai ya san yadda ƙarangiya ke kama ƙafar wando in an ratsa gona da kaka. To, haka ƙwayoyin nan ke manne wa bangon hanji, su hayayyafa, su kawo zawo. Shi manan ya yi kama da wurin da suke mannewa. Idan yana cikin abinci, sai ƙwayoyin su kama shi maimakon hanji, su fita tare da kashi.

Na biyun, aikinsa tayar da masu gadi ne. Jikin kaza yana da dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, kuma kaso mai yawa na waɗannan dakaru a bangon hanji suke zaune. Da zarar sun ji bita-gulukan sai su ɗauka baƙo ya shigo, su farka su yi shiri. Kamar haushin kare ne da tsakar dare: ko ba ɓarawo, mutanen gida sun tashi. Ban da wannan, gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa cikin hanjin kazar da ke cin garin nan yakan fi lafiya, ya fi tsotse amfanin abinci.

Ba yau aka fara neman irin wannan taimako ba. Shekaru da yawa manyan gidajen kaji na Turai da Amurka suna zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan cikin abinci kowace rana, don kaji su yi saurin girma. Da aka ga illar abin, ƙasar Suwidin ta hana shi a shekarar 1986, Tarayyar Turai kuma ta hana shi baki ɗaya daga ranar 1 ga Janairu 2006. Wannan hani ya sa masu bincike suka duƙufa neman abin da zai tsare hanjin kaza ba tare da magani ba. Ɓawon yisti yana cikin abubuwan da suka fi samun karɓuwa.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Mu tambayi kanmu: wace cuta ce ke share mana kaji a ƙasar nan? Ba sai an gaya wa kowa ba. Ita ce annobar da ke zuwa galibi da sanyin hunturu. Kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, tana kashi kore, tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama. Cikin mako guda gida ya yi tsit. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasil, sunan wani gari ne na Ingila inda aka gane ta wajen shekarar 1926. A garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya kashe kaji 8 ko 9 cikin 10, wani lokaci ma ba ta barin ko ɗaya.

Ta biyu ita ce Gumboro, wadda ke addabar kajin nama. Ita ma sunan wani ƙauye ne na Amurka, an bayyana ta a shekarar 1962. Ta fi kama ƴan kaji masu mako 3 zuwa 6. Sharrinta ya fi abin da ido ke gani. Kusa da mafitar kashin ɗan tsako akwai wata ƴar jaka, a cikinta ne ake horar da dakarun da ke ƙera makaman kare jiki. Gumboro wannan jaka take ci. Ɗan tsakon da ya tsira daga gare ta yakan zama gida marar ƙyaure, kowace cuta ta zo sai ta shiga, ko an yi masa wani rigakafin ma ba ya kamawa sosai. To, wanda dakarunsa suka mutu, wa yisti zai tayar?

Waɗannan cututtuka biyu, wani irin ƙwayar cuta ne ke kawo su wanda ake kira birus. Birus ya bambanta da Salmonela da Koli. Kafso ba ya kashe shi, allurar magani ba ta kashe shi, yisti ma ba ya kashe shi. Hanya ɗaya ce tabbatacciya, ita ce rigakafi. A cikin rigakafi akwai cutar kanta, amma an raunana ta ko an kashe ta. Idan ta shiga jiki, sai dakaru su ga kamanninta, su ƙera makamin da ya dace da ita, su ajiye. Ranar da ta gaskiya ta zo, sai ta tarar an san fuskarta.

Yanzu ku dubi matsayin kowanne. Yisti yana tayar da masu gadi, rigakafi kuwa shi ke nuna musu ɓarawon da za su kama. Shi ya sa a gwaje-gwaje da yawa, kajin da aka haɗa wa biyun, aka auna jininsu, an tarar makaman Niyukasil sun fi yawa a jikinsu bisa ga waɗanda aka yi wa rigakafi kaɗai. Wannan shi ne amfanin yisti na gaskiya, ba ƙarami ba ne kuwa. Amma a lura, kajin nan duka an yi musu rigakafi.

Dole kuma mu faɗi ɗaya gefen. Ba kowane gwaji ne ya nuna riba ba. Akwai inda aka ba kaji garin nan ba a ga wani bambanci ba, ko a girma ko a yawan mutuwa. Abin da aka fi lura da shi, amfaninsa ya fi fitowa inda kaji ke cikin wahala: zafi, cunkoso, ko abinci marar tsabta. Wani zai ce, ai mu ke nan, wahalar duk muna da ita, sai mu saya. Muna amsa masa da cewa, wahalar da za ka iya kawarwa da hannunka, kawar da ita ya fi araha bisa ga sayen abin da zai rage raɗaɗinta.

Ɗauki zafi. A watannin Afirilu da Mayu, zafin Filinge yakan wuce awo 40. Kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafi, kuma babbar kazar nama ta fi jin daɗi a awo 20 zuwa 25. Idan zafi ya yi mata yawa sai ta rage ci, garkuwarta ta yi rauni, wasu su faɗi matattu da tsakar rana. Ɗakin kwano marar taga a wannan lokaci tanda ne. A rufa kwanon da zana ko karan hatsi, a buɗe gefuna iska ta ratsa, a rage yawan kajin, kada su wuce 8 a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi. A ba su abinci da sassafe da kuma yamma, a ajiye ruwansu cikin randa a inuwa. Wanda ba shi da halin wannan, gara ya bar bazara ta wuce kafin ya zuba ƴan tsaki.

Sai abinci. Masara ko tunkuzar gujiya da ta sha laima ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira afalatoksin. An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talo-talo wajen 100.000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gujiya da aka kawo daga Barazil. Gubar nan tana lalata hanta, tana danne garkuwar jiki, tana hana rigakafi kamawa. Gaskiya ne ɓawon yisti yana iya riƙe wani kaso nata a cikin hanji. Amma ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci mai kyau. A ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango, musamman da damana. Abin da ya dunƙule ko yake warin ruma, a zubar, kada a ce asara ce a ba kaji.

Maganar kafso

Akwai ɗabi'ar da muke so a bari, kuma ita ce babban dalilin da ya sa muke goyon bayan yisti. Da kaza ta yi zugum, sai a aiki yaro wurin mai tallar magani ya sayo kafso mai ja da rawaya, a fasa a zuba cikin ruwa. Wasu ma ba sa jiran ciwo, tun ranar da ƴan tsaki suka iso suke zubawa, har ranar sayarwa. Wannan maganin mutane ne. Idan ana ba da shi kullum ba bisa awo ba, ƙwayoyin cuta sukan saba da shi, su daina jin sa. Su waɗannan ƙwayoyi masu taurin kai ba a akurki suke tsayawa ba. Suna bin kashin kaji, da hannun mai kiwo, da naman da bai dahu ba, su iso jikin ƴaƴanmu. Ranar da yaro ya kwanta aka kai shi asibiti, sai a tarar maganin ba ya ci.

Wani babban bincike na duniya da aka buga a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Inda abin ya fi tsanani gwargwadon yawan jama'a, shi ne yankinmu na Afirka ta Yamma. Ba kiwon kaji kaɗai ya jawo haka ba, amma yana da nasa kaso. Yisti kuwa ba ya barin saura mai cutarwa a cikin nama, ba ya koya wa cuta taurin kai. Idan kaji sun kamu da ciwon da ke bukatar magani, malamin dabbobi ne zai faɗi irinsa da awonsa, ya kuma faɗi kwana nawa za a jira kafin a yanka.

Ina za a fara sa kuɗi?

Wanda ke da jari kaɗan, muna ba shi shawara ya bi abin daki-daki. Kafin ƴan tsaki su iso, ya je ma'aikatar kiwo ta Filinge, ko wurin malamin dabbobin da ke kusa da shi, a rubuta masa ranakun rigakafi. Galibi ana yin na Niyukasil cikin kwanakin farko, a maimaita wajen mako na uku. Na Gumboro yakan zo tsakanin mako na farko da na biyu, shi ma a maimaita. Ba a fafe gora ranar tafiya: ya tabbata maganin yana nan kafin ranar ta zo.

Rigakafi kuma yana da sharaɗi, nan ne da yawa ke yin asara ba su sani ba. Yawancinsa mai rai ne, zafi yana kashe shi. Kwalbar da ta wuni cikin aljihu daga Yamai zuwa Filinge ta zama ruwa kawai. A ɗauko ta cikin ƙanƙara. Idan na sha ne, a janye wa kaji ruwa kamar awa ɗaya ko biyu da sassafe don su ji ƙishirwa, a dama shi cikin ruwa mai sanyi, a mazubin roba da ba sauran sabulu a jikinsa. Ruwan famfo mai maganin tsabtacewa yana kashe shi. Su shanye cikin awa biyu, abin da ya rage a binne.

Kajin gida da zabin da ke yawo a tsakar gida, su ma a yi musu na Niyukasil, domin su ne gadar da cuta ke bi ta shiga ɗakin kajin nama. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido wanda ya fi jure zafi, ana maimaita shi bayan kowane wata 3 ko 4. Su kajin gida ba mu ga dalilin saya musu yisti ba. Rabin abincinsu a waje suke tsinta, ba yadda za a auna musu. Kazar da aka sayo a kasuwar Balleyara ko ta Filinge kuwa, a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da sauran. Idan kuma aka ga kaji suna zubewa da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, kada a sayar, kada a yanka a ci, a gaggauta sanar da ma'aikatar kiwo. Ba mu manta ba, a watan Fabrairu na 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magariya, kuma ta sake dawowa ƙasar nan bayan wannan.

Bayan rigakafi, da inuwa, da ruwa mai kyau, da busasshen abinci, in kuɗi sun rage, to ga lokacin yisti. Ba shi da yawan ci. Awon da aka fi rubutawa shi ne giram 1 zuwa 2 a kowane kilo na abinci, wato giram 50 zuwa 100 a buhu mai kilo 50, amma abin da aka rubuta a jikin ledar shi za a bi. Kajin nama 100 sukan ci wajen kilo 400 kafin su isa sayarwa. Ke nan abin da suke bukata bai kai kilo ɗaya ba. Tun da haka ne, bai kamata mutum ɗaya ya sayi babban buhu ya ajiye zafi ya lalata shi ba. Ƙungiya ta saya, a raba. Wanda kuma ke sayen haɗaɗɗen abinci daga kamfani, ya karanta takardar buhun tukuna, domin wasu sun riga sun sa shi ciki, kada a biya sau biyu.

Haɗawar tana son haƙuri. Giram 50 cikin kilo 50, in aka zuba shi haka nan, wasu kaji za su cinye, wasu ko ƙamshinsa ba za su ji ba. A auna shi sau ɗaya a kan sikeli, a zuba cikin gwangwanin tumatir, a yi alama inda ya tsaya. A fara cuɗa shi da tiya ɗaya ta abinci har ya bi ko'ina, a ƙara tiya huɗu a cuɗa, sa'an nan a juye cikin sauran. Wasu sun tambaye mu ko yistin burodi na kanti zai yi. An gwada shi a wurare da dama, wani wuri an ga amfani, wani wuri ba a gani ba. Shi mai rai ne, kuma ba domin kaji aka auna shi ba. Kada dai a jiƙa shi cikin abinci a bar shi ya kwana, tsami zai yi ya ɓata musu ciki.

A ƙarshe, ba mu ce ku yarda da mai sayarwa ba, ba mu kuma ce ku yarda da mu ba. Kuna da abin da iyayenmu ba su samu ba, wato alƙalami da littafi. Mutanen Kurfai sun san aikin tashar Tukunus, inda ake rubuta nonon kowace saniyar Azawak da nauyin ɗan maraƙinta, da haka ake gane wadda ta fi. Ku yi wa kajinku haka. A raba ƴan tsaki gida biyu daidai, a raba ɗakin da waya ko zana. Duka a yi musu rigakafi rana ɗaya, abinci iri ɗaya, ruwa iri ɗaya. Gefe ɗaya kaɗai za a sa wa yisti. A ja layi huɗu a littafi: kwanan wata, kilon abincin da aka ba kowane gefe, yawan waɗanda suka mutu, da nauyin kaji 10 da aka kama ba zaɓe a ƙarshen kowane mako. Ranar sayarwa a cire kuɗin yisti daga ribar gefensa, a gwada da ɗayan.

Gwajin gida ɗaya ba ya yanke hukunci, domin sa'a da tsautsayi suna shiga ciki. Amma idan ƙungiyoyi biyar ko shida suka yi, daga Shikal zuwa Bonkuku, wasu da hunturu wasu da damana, to za mu sami abin kamawa. Malaman ajin yaƙi da jahilci za su taimaka wurin jan layukan da lissafin. Wanda ya gama nasa, ya miƙa wa malamin ajinsu littafin, mu kuma za mu tattara mu buga sakamakon a wannan shafi, ko ya nuna riba ko bai nuna ba.